Wanda Ya Ƙwace Mini Cinyar Maama

Kafin mutanen Mubi su gudo Jimeta, cinyar kakata Maama tawa ce ni kaɗai. Bayan sallar isha'i za ta zauna bakin murhu a gidanmu na Dubeli tana gasa masara, in haye cinyarta, sauran jikoki su zauna a tabarma suna hararata. Ina da shekara tara, kuma hararar nan daɗi take yi mini.

Sai ƙanwar babana, Goggo Asta, ta iso daga Mubi da tsohon ciki, ƙafafu a kumbure. Ta haifi Bello, zuciyarsa na bugawa a hankali kamar mai jin barci. Matan gida suka ce firgitar gudu ce. Ni kuwa na ji likita yana gaya wa babana cewa sinadarin da ke jinin Goggo don kare ta daga cuta, shi ya ratsa mahaifa ya taɓa zuciyar yaron.

Daga ranar aka sauke ni. Maama ta ɗora Bello a wurina, yatsunta biyu a kan ƙirjinsa. Tana tsakiyar tatsuniya sai ta yi shiru tana sauraron bugun, mu kuma mu yi ta jira. Na tsani yaron nan, ba zan ɓoye ba. Ko haƙorin cin masara ba shi da shi, amma ya ƙwace komai.

Wata rana haushi ya ci ni, na dubi Goggo a gaban kowa na ce, "Ba gudu ba ne. Jininki ne ya lalata masa zuciya, na ji likita."

Goggo ta tashi ta shige ɗaki. Maama ba ta dake ni ba, sai ta juya masara ta ce, "Ku matso, ga wata ta iso." Ta ba mu labarin akuyar da ta kewaye ɗanta da shingen ƙaya saboda kura. Kura ta yi ta zagaye har ta haƙura. Da gari ya waye, ƙaya ɗaya ta soki ɗan a ƙirji.

"To, Halima," in ji ta, "akuya ta yi laifi?"

Na turo baki na ce, "Ni dai ko a tatsuniya ma shi ne."

Bello bai kai wata biyar ba ya rasu. Cinyar ta dawo ba kowa, na kasa hawa.

Bana ina da ciki, gwaji ya nuna irin abin nan a jinina. Sai yanzu na gane tambayar Maama, kuma amsar ba ta hana ni tsoro. Duk mako ana duba bugun zuciyar ɗana a asibiti. Goggo Asta ce ke raka ni, tun daga unguwar Vinikilang take shigo keke-napep. Idan na'ura ta fara kawo sautin, ita ke fara cewa alhamdulillahi. Har yau ban ba ta haƙuri ba, ita kuma ba ta taɓa tuna mini ba.