Muryar Baba Tanko Ta Koma Gida

Mun tashi da asuba daga Kano a bayan wata babbar mota mai zuwa Katsina, ni da abokin aikina mai kula da na'ura, washegarin saukarmu daga jirgin Kaduna. Shi ya rungume akwatin ɗaukar magana kamar mai jego da jinjiri. Ni kuwa faifai guda ne a aljihun taguwata, naɗe cikin tsumma, kuma saboda shi ban yi barcin kirki ba tun da muka baro gida.

Masu bin shirina na tarihin garuruwa a rediyo za su tuna Baba Tanko, tsohon nan na wata unguwa a gefen Dudunni, ƙasar Kusada. Bara na je na ɗauko shi yana ba da labarin kafuwar unguwarsu tun daga tushe, muka sa ɗan kaɗan a iska, mutane suka yi ta yabawa. Abin da ba ku sani ba shi ne, a gidan rediyo faifai ba ya zama da magana ɗaya. Zare ne mai tsada da ake kawowa daga Ingila, in an gama da shiri sai a ɗauki wani a kansa, na farkon ya shafe. Na Baba Tanko na yi ta kauda shi daga idon mutane har shekara ta zagayo. Ranar da aka yi ƙidayar kaya, Baturen da ke shugabantar sashenmu ya gano shi. Ba mugu ba ne, mutum ne dai da ba ya son ganin kaya a kwance. Ya ce in tafi da shi kasuwar Kankiya in ɗauko hirar manoman gyaɗa a kansa.

A makon nan kuma wani falke mutumin Kusada ya shaida mini cewa ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba Tanko da damina, bakinsa ya rufe. Ashe muryar da ke aljihuna ita kaɗai ta rage masa a duniya, ni kuma aka ce in shafe ta. Na rubuta abin da na iya, amma takarda a Kaduna ba ta amfana wa unguwar da ba mai karanta boko a cikinta. Sai na ƙudura cewa kafin mu isa Kankiya za mu ratse Dudunni, in kunna wa ɗansa faifan har ya haddace.

Hanyar Katsina a kaka ta motocin gyaɗa ce. Suna ta wuce mu zuwa Kano, an lafta musu buhuna har suna tafiya a karkace. Gargada kuwa ba a magana, duk ramin da muka faɗa sai abokina ya yi salati, ba don ransa ba, don akwati. A Bichi aka tsaya shan ruwa, wani dattijo cikin fasinjoji da ya daɗe yana kallonmu ya matso ya tambaya ko akwatin keken ɗinki ne, yana da riga da ta yage a hammata. Da aka ce masa magana yake ɗauka, sai ya ja bakinsa ya yi gum, bai ƙara tankawa ba har muka sauka a Yashe.

A Yashe muka sha fura da nono ta kobo, ta ƙosar da mu duka biyu. A Kaduna ko taro ka bayar, ruwa za a tsinka maka mai ɗan fari-fari. Daga nan babu mota, sai jaki. Aka ɗaure akwati a gefe ɗaya, batura a ɗayan, muka bi bayansa da ƙafa. Gero duk an yanke an jera dammuna, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran lauje, mata na roron wake. Muka biya ta Kusada muka yi gaisuwa wurin masu gari, don baƙo da kayan Bature ba ya ratsa ƙasa bai sanar da masu ita ba, balle yanzu da ake ta maganar mulkin kai, kowa na son sanin wa ya aiko wa.

Na tarar da Baba Tanko a ƙofar gidansa, an jingina shi da bangon zaure. Mutumin da bara in ya buɗe baki har kaji sai sun yi shiru, yanzu gefen dama duk ya mutu, sanda ce kawai a hannun hagu. Ya gane ni. Ya motsa leɓe, ba abin da ya fito, sai hawaye. Na durƙusa na gaishe shi, na amsa wa kaina gaisuwar, raina ya ɓaci ƙwarai.

Ɗansa Ilu ya dawo daga gona, magidanci ne da ya kai arba'in, mai faɗin kafaɗa da ƙarancin magana. Na faɗa masa abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Malam, ni dai manomi ne. In Baba ya hwara labarin nan, gona nike tahiya. Cewa nike akwai lokaci."

Na ce, "To, lokacin ya zo, kuma ba shi da yawa."

Bayan la'asar muka kunna. Zare ya fara juyawa, sai ga muryar Baba Tanko ta fito tas, da gyaran muryarsa da komai. A cikin gida muka ji ƙwarya ta faɗi. Matarsa ce, rabonta da jin wannan murya tun ruwan shuka. Shi kuwa tsohon ya rufe ido, yana gyaɗa kai a hankali kamar mai jin wani malami da yake girmamawa. Kafin faifan ya kai rabi ƙofar gidan ta cika.

Haka muka yi ta yi kullum bayan an taso daga gona. A kunna gaɓa ɗaya, a tsayar, Ilu ya maimaita. In ya yi daidai tsohon ya yi shiru, in ya kuskure ya buga sanda a ƙasa. Na rantse ƙasar wurin har ta yi rami. Ilu mutum ne da zai gaya maka gonar kowa da iyakarta ido rufe, amma sunayen kakanni sai su cakuɗe masa, ya aurar da uwa ga jikanta, ya binne mutum kafin a haife shi. Gumi yake yi fiye da na huɗa. Ni ma haƙurina ya fara ƙarewa, ina ɓoyewa ne kawai don kunyar tsohon.

Mutane kuwa ba su fasa zuwa ba. Maƙerin unguwar yakan rufe maƙera da wuri ya zo ya tsuguna a gaba. Wanzami yakan zo da zabirarsa a rataye. Akwai kuma wata dattijuwar Bafulatana mai tallar nono daga rugar da ke bayan gari, wadda tun da ta gano abokina Babarbare ne ta samu abin wasa. Kullum sai ta ajiye ƙwarya ta ce masa, "Bawana, tashi ka kunna mana." Shi kuma ya ce ba ya kunna wa masu bin saniya sai an biya shi da man shanu. Ni duk ɗaukarsu nake 'yan kallo, har wani lokaci nakan ji haushin surutunsu.

Wata safiya abokina ya ja ni gefe ya nuna mini allurar na'ura. Ya ce, "Abin da ya rage a batir na Kankiya ne. In muka koma Kaduna ba hirar gyaɗa, ni da kai sai mu nemi gona." Na roƙe shi a ƙara kunnawa ko sau ɗaya, ya ce ko rabin sau. Gaskiyarsa ce, yana da iyali, ni ma haka. Amma a lokacin Ilu ko sulusin labarin bai riƙe ba. Ranar ko tuwon da aka kawo mana ban iya ci ba.

Da la'asar mutane suka taru yadda suka saba, akwati kuwa yana rufe. Na faɗa musu an gama, gobe za mu wuce. Na ce wa Ilu ya faɗi abin da ya samu, in ji da kunnena iyakar abin da ya tsira. Ya fara da kyau: yadda kakansu maharbi ya biyo sawun gada daga arewa, ya yada zango a gindin tsamiya, ya ga ƙasar ta yi masa ya koma ya ɗauko iyali. Da ya zo kan haƙa rijiya sai ya tsaya cik. Ya koma baya ya sake tahowa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Na sunkuyar da kai ina jiran ƙarar sanda.

Ba ta buga ba. Da na ɗago sai na ga Baba Tanko ya ɗaga ta yana nuna maƙeri.

Maƙerin ya waiga bayansa, ya ga ba kowa. Ya ce, "Ni, Baba? Mi zan ce?" Sandar ba ta sauka ba. Sai ya sosa ƙeya ya ce, "To, ai wurin nan kakana ne. Shi ya ƙera diga da aka hwasa dutsen da ita." Daga nan ya zarce. Yadda aka haƙa gaba uku aka ci karo da dutse, yadda mutane suka ce a bari, yadda kakansa ya narkar da garmarsa ɗaya tilo ana gab da damina. Bai bar ko kalma ba, har inda tsohon yake yin tari a faifai shi ma sai da ya yi, mutane suka fashe da dariya.

Yana kaiwa inda ruwa ya ɓulɓulo, sanda ta juya kan Bafulatana. Ita ko jira ba ta yi ba. Ta kawo zuwan mutanenta da shanu, da rigimar da aka yi kan ɓarnar gona, da ranar da aka zauna aka yanka burtali daga rijiya zuwa fadama, aka yi alkawarin ba mai noma shi. Ta ƙara da sunan bijimin da aka yanka ranar, wanda babu shi a faifai. Na dubi tsohon, ya gyaɗa kai. Wanzami ya karɓi shekarar yunwa, don kakarsa ce ta buɗe rumbu ta ciyar da unguwa. Ya so ya ƙara wa rumbun girma, sanda ta bugi ƙasa, ya mayar da shi yadda yake. Can wajen ƙarshe Baba Tanko ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa bangon zauren da ke bayansa. Sai muryar matarsa ta fito daga ciki, ta faɗi yadda aka kawo amaryar farko daga Kunduru a kan takarkari, da waɗanda suka fito daga tsatsonta, gida-gida, har zuwa mutanen da ke zaune a wurin.

Ashe duk kwanakin nan da nake fama da kai ɗaya, kowa na kwashe nasa yana tafiya da shi gida. Ba wanda ya zo don tarihi, kowa ya zo ne ya ji inda aka ambaci kakansa, kuma wannan wurin ba ya mantuwa. Tsohon yana kallonsu tun ranar farko, ya san abin da ke hannun kowa. Sai na ji yunwar da ban ji ba tun safe.

Na ce wa Ilu, "Ka ga abin da ya rage maka? Ka riƙe wa ke bin wa."

Ya yi murmushi, karo na farko tun zuwana. Ya ce, "Wanga kam mai sauƙi ne. Daga mu sai maƙera, sai ruga, sai gidan wanzamai, sai Inna. Ai hanyar da nike bi zuwa gona ce." Baba Tanko ya jawo sandar ya ɗora masa a cinya, ya bar ta nan.

Washegari muka kama hanyar Kankiya, Bafulatana ta aiko wa bawanta da man shanu a ɗan ƙoƙo. Kasuwa ta cika maƙil, buhunan gyaɗa tsibi-tsibi a gaban ma'auni, ga masu ƙuli-ƙuli, ga rake, ga 'yan doka suna zagaye. Muka sami inuwa, manoma suka kewaye mu. Abokina ya ɗora faifan, ya mayar da zaren zuwa farko, sannan ya dube ni ya ce, "Ko ni in danna?" Na ce a'a. Ni na ɗauko muryar nan, ni zan sallame ta. Na yi bismilla na danna, na miƙa wa wani manomi mutumin Kunduru abin magana, ya shiga ba da labarin yadda tsutsa ta yi masa ɓarna bana. Zare na juyawa, Baba Tanko na fita, tsutsa na shiga.

Mun dawo Kaduna lafiya, sai ciwon baya da tsarabar ƙuli-ƙuli. Bature ya saurari hirar gyaɗa ya ce ta fita sarai, ya mayar da faifan cikin 'yan'uwansa. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, na daɗe ina ɗaukar kaina ma'ajin tarihi don ina yawo da akwati, alhali ni ɗan aike ne kawai. Aikina in karɓo in kai, kuma wannan karon na kai wa masu shi.

Don haka masu aiko da roƙon a sake sa Baba Tanko, ku yi haƙuri, babu shi a gidan rediyo. Mai son ji ya tafi Dudunni ya tambayi gidan Ilu, ya isa bayan la'asar. Sai dai ya fara bincikawa ko maƙeri yana gari, don in ya tafi cin kasuwa, ranar ba za a haƙa rijiya ba.