Hoton Kaka a Garkar Dabino

Muna aji huɗu a kwalejin Gure, wajen shekarar tasa'in da biyar, mushenmu, wato malaminmu na Faransanci, wani Bazabarme siriri, ya ce mu yi mujallar waƙa da kiɗa. Ya ara mana abin ɗaukar hotonsa, da saura hoto shida cikin fim ɗin. Mu biyar ne, ni kaɗai mace, kuma an damƙa abin hoton ga wani ɗan ajinmu mai kan tsiya, ɗan wani jandarma. Abu ɗaya mushe ya koya masa: rana ta zamo a bayan mai ɗauka, ko da za a mutu.

Ni na kawo maganar kakata, don ba wadda ta kai ta kaɗa shantu a unguwarmu. Da na gaya mata, sai ta ce ta yarda, amma a garkarta za a ɗauke ta, cikin kwari, gaban dabinon da kakana ya dasa. Tudun rairayi yana cin garkar nan kowace shekara. Itace goma sha ɗaya ne da, saura huɗu, ɗaya ma rairayi ya kai masa wuya.

"Ni ba fuskata nake so ba, ja'ira," in ji ta. "Wa zai kalli wannan fuska? Dabinon nake so a gani kafin su tafi."

Na ce mata an gama, kamar ni ce da abin hoton.

Kai, na sha wuya da samarin nan! Su so suke Gure ta fito kamar Yamai. Hoto ɗaya ya tafi a tashar mota, biyu a kan duwatsu da wani mai gita da tabarau, ɗaya gaban kantin kaset, ɗaya kuma su kansu suka jera suka ɗauka. Kullum na ce garka, sai su ce gobe. Sai ranar da ta rage kwana ɗaya mushe ya tafi hutu da abinsa suka yarda, shi ma bayan la'asar.

Kaka ta sa zanenta na salla, ta hau jaki, muka gangara kwari. Ta zauna gindin dabinon, ta ɗora shantu a cinya. Ɗan jandarma ya leƙa, ya girgiza kai. Dabinon suna yamma, rana tana bayansu, tana dukan idonsa.

"Iya, ki koma can," ya ce, yana nuna gabas, inda ba komai sai tudun.

Na ce masa dabinon muka zo ɗauka. Ya ce mushe ya ce. Na ce mu dawo da safe. Ya ce da safe abin hoton yana hanyar Damagaram. Na roƙe shi, har na kama rigarsa, ni da ban taɓa roƙon namiji ba. Sauran suka ce in fim ya ƙone ni zan amsa. Wallahi ban san ko zai ƙone ba, ba wanda ya koya mini. Na saki rigarsa.

Kaka ba ta gane rigimar ba. Ta ɗauka abin yana ganin ko'ina, kamar ido. Ta tashi da kyar, ta koma inda aka ce, ta gyara kallabi, tana kallon dabinonta tana murmushi. Ina kallo ɗan jandarma ya danna, hoto na ƙarshe ya tafi.

Bayan hutu aka kawo hotunan daga Damagaram. Nata ya fi kowanne kyau, shi aka sa a bangon mujalla, mushe har ya yaba wa mai ɗauka. Na ɓoye shi mako biyu kafin ta matsa mini.

Ta kai shi kusa da ido, ta juya bayan takardar, ta sake juyowa. Ita ce zaune da shantu, bayanta rairayi fari fat har sama.

"Ina dabinon?"



Ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo mini. "To, 'yar nan," ta ce, "ai kun riga rairayin."