Sannu-Sannu, Mai Raba Wa Faifai Kaya

Ƙarfe bakwai na safe, kafin a buɗe ɗakin hoton ƙashi, yakan iso da 'yar jakarsa, ya ɗora tafin hannu a kan kwamfuta kamar mai duba zazzaɓi, ya kasa kunne ga ƙarar fankarta. Sannu-Sannu muke ce masa a asibitin nan, don ba ya gaggawa. Shekara ashirin da biyu ke nan, kuma makon nan zai ajiye aiki.

Ni mai tura keken marasa lafiya ne. Bokona bai yi nisa ba, amma ina da ido. A da, in likita ya nemi hoto, sai mu jeru a baranda, mara lafiya na nishi, kwamfuta na nazari. Shi ya ƙara mata faifan ajiya na biyu, ya sa kowane hoto ya riƙa rabuwa gutsure-gutsure, wannan faifai ya riƙe wani, wancan ya riƙe wani, su miƙo tare. Layi ya watse.

Na tambaye shi sirrin. Ya ce, "Baba, in ku biyu kuka ɗauki gadon mara lafiya, ba kun fi sauri ba?"

Na ce, "Hannu ɗaya ai ba ya ɗaukar jinka."

"To, in ɗaya ya saki fa?"



Shi ya sa kullum kafin ya tashi sai ya kwafe komai a faifai na uku. Babbar nas takan kaɗa makullai ta ce, "Malam, kwamfutar nan uwarɗakinka ce? Tashi mu kulle!" Murmushi kawai yake yi.

Ranar da za a yi wa mai ɗakina aiki a ƙugu, faifai ɗaya ya mutu, hotuna duka suka bi shi. Tana kwance, juyi ma ya gagare ta, balle a sake ɗaukar hoton. Likita ya ce sai dai a ɗage. Sannu-Sannu ya jawo aljihun tebur, ya ciro faifai na uku, ya ce, "A ba ni rabin awa." A ranar aka yi aikin, yau da ƙafarta take tafiya. Babbar nas kuwa, tun daga ranar, kujera take ja ta jira shi.

Sannu-Sannu, kai ne ka koya wa inji gudu, kai kana tafe a hankali. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai albarka.

Ku kuma masu tasowa, ban hana ku sauri ba. Amma kafin ku kulle ƙofa, ku tambayi kanku: in ɗaya ya saki fa?