Kwalbar da Aka Ajiye a Tsakiya

Kilian Bamuko manomin koko ne a wani ƙauye kan tudu, can bayan Arawa, a tsibirin Bougainville. Shekara takwas ya yi a daji tare da 'yan tawaye. Da aka yi sulhu ya miƙa bindigarsa, ya koma gonar matarsa Thecla, ya yi ta dashe har furfura ta cim masa. Ba ya da yawan magana. Abin da aka san shi da shi 'yar kwalbarsa ce ta kambang, farin garin nan da ake dangwala in ana taunar buwai, goron mutanen can, har baki ya yi ja. Tun bayan yaƙi ba mai dangwalar kwalbar wani a ƙauyen. Kowa da tasa, don ta nan guba ke shiga.

Akwai abin da ya daɗe yana cin sa. Ya san inda Leo yake kwance, ƙanin maƙwabcinsa Fabian Osikore, domin da hannunsa ya haƙa ramin, a bakin wani rafi cikin daji. Fabian kuwa ɓangaren sojojin gwamnati ya bi. Mahaifiyarsu ta tsufa tukuf, kullum roƙonta kada ta mutu ƙasusuwan ɗanta suna ƙasar da ba ta danginta ba. Kilian ya san irin wannan magana in mutum ɗaya ya kai ta, adda ce ke amsawa. Sai da mutane a tsakani, na nan da na can.

Shi ya sa ya kira tsoffin mayaƙa taro ranar wata Asabar, a rumfar shanya koko. Mutum goma sha ɗaya suka zo, duk 'yan ɓangarensa. Ba wanda ya ce a yi layi, ƙafafu ne suka tuna da kansu. Wani ya shiga kiran sunayensu na daji, suna amsawa da ƙarfi, ana ce wa Kilian Kwamanda. Biyu suka tsaya gadi a bakin hanya, su ma ba su san dalili ba. Mata masu dawowa daga gona suka hango su, suka zubar da dankalinsu suka ruga, a zatonsu yaƙi ya dawo. Kafin rana ta yi tsaka Fabian ya tura iyalinsa bakin teku.

Thecla ta same su da tsintsiya a hannu, ta dubi mijinta. "Baban Rosa, wa ka taɓa gani ya nemi zaman lafiya a tsaye? Dubi tumbinku, dubi gwiwoyinku, wai sojoji. Ku zauna a ƙasa kamar mutane."

Suka zauna. Daga ranar taron ya koma filin coci, kowace Lahadi bayan addu'a, inda kowa zai gan su. Aka bar sunayen daji a daji. Dattawan mata, waɗanda a can su ke gadon ƙasa, suka riƙa zama a gefe, suna tsoma baki in murya ta fara tashi. Batun shugaba ne ya gagara, don duk sunan da aka kawo sai a ji yana warin bariki.

Lahadi uku Fabian yana kallo daga gindin mangwaro. A ta huɗu ya matso da mutanensa biyar, suka zauna a bakin da'irar, kowa da kwalbarsa a cinya. Kilian ya ciro tasa, ya buɗe, ya dangwala ya tauna, sannan ya ajiye ta a tsakiya.

Fabian ya ce wannan kwalba ai ya san ta, tun suna samari Kilian ke rowarta. Aka ɗan yi dariya. Ya miƙa hannu, sai kuma ya dakata.

"In akwai abin da ka zuba a ciki, faɗa min yanzu."

"Ban zuba komai ba, ɗan'uwa. Abin da na binne ne nake so in faɗa maka."

Ya faɗi yadda aka kashe Leo da inda yake kwance, a gaban kowa. Ba shi ya yi harbin ba, amma yana wurin, kuma bai hana ba. Fabian ya janye hannunsa, ya tashi ya tafi. Kwalbar ta wuni a wurin, ba wanda ya taɓa ta, sai Thecla ce ta rufe ta don ruwa na shirin sauka.

Bayan kwana goma sha biyu, da hantsi, Fabian ya tsaya a ƙofar rumfar koko da shebur a kafaɗa da farin ƙyalle a naɗe. Bai yi gaisuwa ba. Kwalbar kawai ya nema, ya dangwala, ya tauna a hankali, ya tofar da ja a ƙasa, ya ce tsohuwa tana jira.

Mutum goma sha bakwai suka hau dajin, a gauraye, ba layi. Tsohuwar ta rayu wata biyar bayan an kwantar da Leo a ƙasar danginta.

Har yau ƙungiyar ba ta da shugaba, sai mai riƙon kwalba. Wata ɗaya tana hannun mutumin wannan ɓangare, wata mai zuwa ta koma na wancan, kuma da ita suke zuwa duk ƙauyen da aka kira su neman wani kabari. Kilian bai sake yin wata kwalbar ba. In zai tauna buwai, na kusa da shi yake miƙa wa hannu.