Tsuntsun da ya mutu a ƙofar Yaya Sale

Ƙanwata Hadiza, mai nazarin tsuntsaye, ta kira daga jami'a, na sa a sifika don Inna ta ji.

Kwanakin baya muka tsinci wani tsuntsu matacce a ƙofar ɗakin Yaya Sale a garinmu Kwandiko, ta kai gashinsa aka auna.

Ta ce, "Gashi yana riƙe alamar ruwan ƙasar da ya tsiro. Wannan daga kudancin Turai yake."

Inna ta ajiye tsintsiya. "Ba can Sale ya nufa ba?"

Shekara shida ke nan babu labarinsa.

Hadiza ta ce, "Inna, irin tsuntsayen nan duk shekara suna zuwa."

"Na sani. Amma ƙofarsa ya zaɓa."

Tun ranar Inna ta daina ajiye masa tuwon da ta saba ajiyewa kullum. Jama'a, me zan ce mata?