Kwalbar Maganin Feshi da Bangon Gidanmu

Shekarun baya, bayan na gama digirina na farko, na samu gurbin yin masta a fannin zane a wata makaranta a wajen ƙasa. Ba zanen gini ba, zanen hoto da hannu, irin na littattafai da allunan faɗakarwa. Ranar da na gaya wa mahaifina a gidanmu na Badaguishiri, ya dube ni ya ce, "Ke yanzu duk karatun lakwal ɗin nan da kika yi, ƙarshenta zane? Mi za a kira ki in kin komo?" Mahaifiyata ce ta yi ta lallaɓa shi har ya bari na tafi. Gwaggona kuwa ta bi gari tana cewa na tafi ƙasar waje koyon lalle, har amare suka fara aiko da saƙo a riƙe musu rana.

A shekara ta biyu malamarmu ta ce kowa ya koma inda ya fito, ya nemo abin da ke damun mutanensa, ya gwada ko zane zai yi masa magani. Na dawo da rani, fadama ta yi kore shar da albasa da kabeji. Na yi ta yawo da fensir ban san abin da zan kama ba. Na zana rijiyoyi, na zana raƙuma, na zana jakin maƙwabcinmu har ya gaji da ni, da ya hango ni sai ya juya baya.

Wata rana da hantsi ɗiyar yayana, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, ta kama amai, miyau na zuba, jikinta na karkarwa. Muka garzaya da ita likita a Illela. Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya duba ta, ya tambayi abin da ta ci da abin da ta sha, sannan ya tambaya a cikin me ta sha. Matar yayana ta ciro kwalbar roba daga jakarta. Kwalbar maganin feshin albasa ce. Tana kuka tana cewa wallahi ta wanke ta da toka da sabulu har ƙamshin ya fita. Majo ya ce irin wannan dafi shiga yake cikin robar, wanki ba ya fid da shi, kuma ba mu ne na farko da muka zo masa da haka ba.

Allah Ya tashi kafaɗar yarinyar bayan ƴan kwanaki. Ni kuwa ina zaune bakin gadonta ina jujjuya kwalbar. An yi gargaɗi a jikinta, amma da Faransanci da Turanci, da ƙananan baƙaƙe, sai wani ɗan ƙoƙon kai da ƙasusuwa a gefe. Da muka koma gida na nuna wa matan unguwarmu alamar, na tambaye su abin da take nufi. Wata ta ce tambarin kamfani ne, kamar saniyar da ke jikin gwangwanin madara. Wata ta ce hoton ƙwaron da maganin ke kashewa ne. Kusan kowane gida na shiga akwai irin kwalbar, wata da ruwa, wata da man gyaɗa, wata da nono. Nan na san na samu aikina.

Muka riƙa zama da matan bayan la'asar, ina zanawa suna gyara mini. Su suka ce in ɗaura wa uwar da ke cikin hoton zane irin na gida, in ɗora yarinyar mara lafiya a amalanken jaki, don haka ake kai mutum likita daga lambu. Muka tsaya a kan labari cikin hotuna, ba rubutu ko kaɗan. A sama, uwa ta wanke kwalba, yarinya ta sha, ga amalanke a guje. A ƙasa, mai lambu ya gama feshi, ya huda kwalbar da ƙusa, yarinyar tana wasa lafiya lau.

Sai maganar inda za a zana shi ta taso. Masu shagunan bakin kasuwa suka ƙi ba da bango. Wasu suka ce zanen mutum ba kyau a addini, wasu suka ce za a kashe musu ciniki. Lokacin komawata makaranta yana matsowa, ba ni da abin nunawa sai takardu a jaka. Na shiga ɗaki na yi kukana ya ishe ni.

Washegari mahaifina ya ce in ɗauko takardun in biyo shi. Gidan liman ya kai ni. Na durƙusa na gaishe shi, mahaifina ya ba shi labarin jikarsa tun daga farko. Liman ya bi hotunan da yatsa a hankali, ya ce abin da aka yi don tsare rai ba wasa ba ne, kada dai a kai shi kusa da masallaci, kuma shi da kansa zai yi maganar ranar Juma'a. Muka dawo tare da mahaifina har ƙofar gida. Ya dafa bangonmu mai kallon hanyar kasuwa, ya ce, "Ga naki. In wani na da magana, ya zo ya same ni."

Yayana ya shafe bangon da farar ƙasa, na hau tsani da fenti. Ranar kasuwa mutane suka yi cincirindo har masu amalanke na neman hanya. Ban buɗe baki na yi bayani ba. Wata Bafillatana mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta, ta karanta wa ƴan uwanta labarin da Fillanci daga farko har ƙarshe, sannan ta ciro kwalba daga kayanta ta zubar da ruwan a ƙasa. Kafin magariba, hudaddun kwalabe sun taru tsibi guda a ƙofar gidanmu, mahaifina na zaune kusa da ƙusa da guduma, duk wanda ya kawo ya huda masa.

Kafin in koma, matan wata ƙungiyar masu lambu daga Malbaza suka aiko a ba su kwafi, wani mai sayar da maganin a Konni ma ya manna a shagonsa. Hotunan bangon da na tsibin kwalaben na nuna ranar da na kare aikina, na kuma fito da sakamakon da ban taɓa mafarkinsa ba.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba taurin kai gare su ba. Sau da yawa ba a yi musu magana ta hanyar da za su ji ba ne. Kwanaki ina cikin mota wajen Bazaga, na hangi zanen a bangon wani ƙauyen da ban taɓa takawa ba. Wani ne ya kwaikwaya da gawayi da shuni, ƙafafun jakin sun karkace, kan yarinyar ya fi jikinta girma. Na roƙi direba ya ɗan tsaya. Fasinjoji na ta mita, ni kuwa ina tsaye cikin rana ina dariya, hawaye na zuba.