Bikin Suna a Ƙasan Dam ɗin Baba Saja

Jama'a, wallahi wannan a kaina ya faru, ba ji na yi ba. Shekarun baya ina aiki a Zuru, ina zagaya ƙananan dam na ƙasa da mutane ke ginawa a gonakinsu, in duba in faɗi girman haɗarinsu. Ba girman dam ake dubawa ba, a'a, in ya ɓalle wa zai ci? In babu kowa a ƙasansa ƙaramin haɗari ne, in kuwa akwai ko bukka ɗaya ya zama babba, dole mai shi ya faɗaɗa mafitar ruwa, ya ƙara wa bango kauri.

To, na je yankin Danko duba dam ɗin wani tsohon soja mai kiwon kifi, Baba Saja. Ya ce, "Ɗana, kada ka wahalar da ƙafarka, ƙasan nan ko biri ba ya kwana." Ni da taurin kai na gangara, rana tsaka fa, sai ga ruga guda ana bikin suna, mata na guɗa, maza na ta dariya. Wata tsohuwa ta jawo ni ta dire mini ƙwaryar fura da nono. Kai, daɗi!

Na koma na ce wa Baba Saja dam ɗinsa babban haɗari ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce mu je in nuna masa. Muka je, babu ruga babu kowa, wallahi ko ciyawa ba a taka ba, ga cikina taf da fura. Duk da haka na kafe. Ya yi faɗa, ya kira ni mashayi, daga baya dai ya kawo katafila aka gyara.

Bayan 'yan shekaru sai ga wayarsa yana ihu: "Ɗana, zo ka gani!" Ashe makiyaya sun sauka a wurin a daminar nan, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, dam ya cika ya tumbatsa, ruwan ya bi mafita ya wuce, ko akuya ba a rasa ba. Na iso na tarar ana suna, Baba Saja da sandarsa yana taka rawa cikinsu. Na yi murna har na yi hawaye.

Sai ga tsohuwar nan, ita ce wallahi, wadda 'ya'yanta suka rantse bana ta fara taka ƙasar Zuru. Ta miƙo mini ƙwarya ta ce, "Yau kam zauna ka sha da kyau, rannan sauri kake yi."

Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ku masu dam, in an ce ku gyara ku gyara, don ba ku san wa ke zaune a ƙasanku ba.